Yadda Ake Cin Mastar Biyu da Injin Ban Ruwa Guda

Ɗan'uwa, idan kana da lisans, wato digirin farko, a aljihu, kana zaune a inuwar shagon wani kana kallon kabu-kabu na wucewa har ka fara gane kowane babur da kukansa, to gyara zama. Wannan jagora naka ne. Na yi maka alkawarin da ba ya rawa: in ka bi matakan nan yadda suke, ba ƙari ba ragi, za ka fita da mastar mai kai biyu, kai ɗaya na injiniya, ɗayan na abin da ake kira gudanar da ƙirƙirar fasaha. Kada ka tambaye ni ma'anar na biyun. Masu koyar da shi ma ba su gama shawara ba.

Ban ƙago komai daga kaina ba. An gwada hanyar nan a kan mutum mai rai, Zakariya'u ɗan Malam Dogo mai hatsi na nan Sabon Gari, kuma har yau yana da rai.

Mataki na 1: Ka samo malamai biyu da ba su yarda da juna ba

Zakariya'u ya gama karatun lantarki da injuna, ya kai takardunsa duk ofishin da ke da ƙofa a Maraɗi, aka ce za a kira shi. Yana jira ya yi aure. Yana jira matarsa Ramatu ta haihu. Yana jira yarinyar ta fara tafiya, har ta fara ɗaukar wayarsa tana cewa "alo", ba a kira ba. Gyaran salula yake yi a wata 'yar rumfa kusa da tasha. Rannan ya ga allon wata makaranta mai zaman kanta: mastar biyu a cikin ɗaya. Da safe a koya maka ƙera abu, da yamma a koya maka yadda za ka sa duniya ta so shi.

Ya je ya gaya wa mahaifinsa. Malam Dogo yana auna gero, bai ko ɗago kai ba.

"Biyu? Na farkon ka cinye shi ne?"

"Baba, wannan gaba yake da na farko."

"Allah ya sa albarka. Amma ka tambaye su in suna da mai kai uku, a yi ta ta ƙare."

Malaminsa na safe Dokta Maman Lawali ne, siririn mutum mai abin gwada wuta a aljihun gaba, wanda bai yarda da wanzuwar duk abin da bai taɓa jan sa ba. Malamarsa ta yamma Madam Samira ce, wadda ɗalibai ke kira Baturiya saboda a waje ta yi karatu. A wurinta, duk abin da ba a saye ba a riga an halicce shi ba. Littafin kammala karatu, wanda suke kira memuwar, guda ɗaya ne, amma sai su biyun sun sa hannu.

Kai ma ka nemi irin wannan. Masu hikima sun ce mai iyayengiji biyu ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi.

Mataki na 2: Ka koyi harshe biyu da riga biyu

Da safe ka sa rigar aiki mai tabon baƙin mai. In ba ta da tabo, ka goga mata. Ka riƙa cewa "bai yi ba tukuna." Da yamma ka sa kwat, ko da garin ya kai kaza ta nemi inuwa, ka riƙa cewa "ya kusa mamaye kasuwa." Abu ɗaya kake magana a kai, ka kiyaye.

Zakariya'u a kan kabu-kabu yake canza riga. Akwai ranar da ya yi kuskure ya shiga ajin Madam da maganar safe, ya ce aikinsa bai yi ba tukuna. Ta dube shi kamar ya yi ashar a masallaci. Washegari ya ce wa Dokta ya kusa mamaye kasuwa, Dokta ya miƙo masa waya biyu tsirara ya ce ya riƙe ya gaya masa wacce ce mai wuta.

Da Ramatu ta tambaye shi me yake karantawa takamaimai, sai ya ce, "Da safe ina koyon yin abu. Da yamma ina koyon magana a kan abu."

"To wanne ake ci da shi?"

"Na yamma."

"Wanne kake so?"

"Na safe."

"Allah ya sasanta ku," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe.

Mataki na 3: Ka nemo matsala, in ka rasa, ka nemo dangi

Madam ta ce kowa ya fita ya gano "ciwon jama'a." Abokan karatunsa suka bazu kasuwa suna tambayar mutane me ke damun su, aka kori uku, ɗaya aka haɗa shi da mai maganin basir. Zakariya'u ya yi dabara: ya tafi Jiratawa wurin ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Tasalla.

Gwaggo Tasalla tana da gonar zogale a gefen fadama, mijinta marigayi ne ya dasa ta, kuma da ita take ci take sha. Matan Maraɗi masu sayar da ganye a wurinta suke sari. Tana da rijiya da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, wanda wata ƙungiya ta taɓa rabawa. Matsalarta gwiwa. Daga gidanta zuwa gonar tafiya ce, kuma sai ta je ta kunna, ta dawo, ta sake zuwa ta kashe.

"Gwaggo, zan sa wa injinki waya. Kina zaune a tabarma ki kira shi ya kunna kansa. Ki sake kira ya kashe kansa."

Ta daɗe tana kallon sa. "Zakari, shi injin wa zai kira in yana da damuwa?"

"Ba ya kira, Gwaggo, amsawa kawai yake."

"To ya hi 'ya'yan zamani. Amma ka ji ni, zogale ba shinkahwa ba ne. Ruwa in ya yi mashi yawa, mutuwa yakai."

"Ai don haka za a sa masa ilimi. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki taɓa komai da hannu har sai an yi mani jarrabawa. In kika taɓa, gwajin ya lalace."

"Na yi maka alkawari," in ji ta. Gwaggo Tasalla kuwa irin matan nan ce da in suka ce sun yi alkawari, ko gobara ba ta tashinsu.

Darasi: baƙo zai tambaye ka takardar izini. Gwaggo fura za ta dama maka.

Mataki na 4: Ka zaɓi lamba mai daɗin baki

Ka ƙera akwatinka da kyau. A nan ba mu da abin faɗa a kan Zakariya'u, don hannunsa na da kyau. Ya haɗa ɗan akwati mai ɗaukar kira da kansa: kira ɗaya ya kunna injin, kira na gaba ya kashe. Ya sa masa 'yar kunne kusa da bakin bututu, don Gwaggo ta ji da kunnenta. In ta ji ruwa na zuba, ya kunnu. In ta ji shiru, ya mutu. Dokta Maman Lawali ya juya akwatin, ya shinshina, ya taɓa wata waya ta ɗan ja shi, ya ce, "Hm." Ɗalibai suka taya Zakariya'u murna, don ba a taɓa jin Dokta ya yabi mutum haka ba.

Saura pus, wato layin da za a sa a ciki. Gwaggo ba ta karatu, don haka ya ce wa mai sayarwa ya ba shi lamba mai sauƙin riƙewa. Mutumin ya zaro wata mai maimaita kanta kamar waƙar daka.

"Wannan tsohuwar lamba ce, mai ita ya bar ta ta mutu aka sake fito da ita. Ko jariri zai haddace."

Kai ma in an ce maka haka, ka karɓa da hannu biyu. Kada ka tambayi ko ta wace ce. Tambaya aikin mai mastar ɗaya ce.

Mataki na 5: Ka bar jama'a su gano amfanin abinka da kansu

Lambar ta Inna Yalwa ce, wata 'yar bori mai magani a Tibiri, wadda mutane ke kira daga ƙauyuka suna neman shawara kan ciwo, tafiya da ɓatan dabba. Wayarta ta faɗa rijiya, ta sayi wata da sabuwar lamba, amma tsohuwar tana nan daram a kan jama'a.

Wadda ta fara kira wata mata ce mai suna Zuliha. Aka ɗauka, ba a yi sallama ba. Ta gaida Inna, ta ce, "Maigidana da ya tahi Arlit, zai dawo kahin damina?" Sai ta ji ruwa, shaaa, kamar an ɓalle gulbi. Ta rangaɗa guɗa. A makon nan mijin ya dawo, don dama aikin ya ƙare.

Kafin kasuwar Tibiri ta sake ci, magana ta zaga: Inna ta daina magana da baki, yanzu ta ruwa take amsawa. In ka ji ruwa, e ne. In ka ji shiru, a'a.

Yanzu ka natsu, nan ne ilimin yake. Mutum ya kira ya tambaya ko zai samu matar da yake so, ya ji shiru. Me zai yi? Zai ce rezo, wato sabis ɗin waya, ne ba kyau, ya sake kira. Sai ya ji ruwa. Sai ya yi hamdala ya ajiye waya. Babu ɗan Adam da ke ajiye waya a kan a'a. Saboda haka duk kiran ƙarshe e ne, kuma e na nufin injin na kunne. Gwaggo ta kira ta kashe, kafin ta mayar da wayar cikin zane wani ya tambayi ko akuyarsa za ta haifi biyu.

Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ruwa ke kwarara a gonar zogale. Kwaɗi suka tare. Maƙwabcinta mai albasa ya fara da godiya, ya koma gyaran murya, ya ƙare da zuwa wurin mai gari.

Mataki na 6: Ka kai rahoto, ka karɓi umarni biyu

Da safe Zakariya'u ya gaya wa Dokta. Dokta ya cire tabarau.

"Injin da ba ya mutuwa ba inji ba ne, yoyo ne. Ka koya wa akwatin lambar gwaggonka ita kaɗai, sauran ya yi musu kunnen ƙashi. Aikin yini guda ne. Ran jarrabawa zan je gonar da ƙafata. In na ga ruwa kwance, ba na sa hannu."

Da yamma ya gaya wa Madam, yana sunkuyar da kai. Ta tashi tsaye.

"Kana nufin mutane na kiran abinka ba talla, ba roƙo? Suna sake kira?"

"Suna sake kira, Madam. Shi ne matsalar."

"Shi ne kasuwar! Zakariya'u, abokanka sun shekara suna neman kiliyan, mai saye, ko da guda, kai kiliyan ke neman ka. Ba injin ban ruwa ka ƙera ba, kwanciyar hankali ka ƙera. In ka toshe mutanen nan, ka kashe aikinka da hannunka, ni kuma ba na sa hannu a kan gawa. Ran jarrabawa ina so in ji wayar na ƙara."

Ya fito ya tsaya a tsakar makaranta, kwat a kafaɗa ɗaya, rigar aiki a ɗayar. Wannan tsayuwar ita ake kira haɗa fannoni biyu. Ka saba da ita.

Mataki na 7: Ka nemi abokin hulɗa

Idan malamai biyu suka ja ka gabas da yamma, ka yi arewa. Zakariya'u ya hau kabu-kabu zuwa Tibiri.

Ya tarar da Inna Yalwa a zaure, babbar mace mai jan lalle har gwiwar hannu, tabarmar baƙinta fayau ba kowa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi abin da ya kawo shi. Tana saurare tana kaɗa ƙafa.

"Ashe kai ne. Shekara da shekaru ina wanga aiki, ban taɓa ce ma kowa e sau biyu a jere ba. Kai ka zo da tiyo ka kwashe mani mutane. Jiya jikata ta cikina na kama tana kiran shi."

"Inna, wallahi ban sani ba. Gonar gwaggona ce ke mutuwa. Taimako na zo nema."

"Bari in ji ko in taimake ka."

Ta zaro sabuwar wayarta daga lalita, ta danna tsohuwar lambarta, ta kara a kunne. Shiru. Ta ɓata fuska, ta ce rezon Tibiri sai a hankali, ta sake dannawa. Zakariya'u yana jin shaaa daga inda yake durƙushe.

"To, an ce in taimake ka. Mi kake so?"

Abin da ya roƙa dabara ce da ya koyo a ajin yamma, wadda ake kira sauya ɗabi'ar mai saye. Inna ta sanar cewa an juya: daga yau shiru ne e, ruwa ne a'a. Ta yarda, bisa sharaɗin a ce duk mai son ƙarin bayani ya zo zaurenta. Ran kasuwa ta faɗa wa mata uku. Ba a buƙaci ta huɗu ba.

Dabarar ta ci, har ta wuce gona da iri. Yanzu kowa a kan shiru yake ajiye waya. Gwaggo ta kira ta kunna, kafin ruwa ya kai kunya ta biyu wani ya tambayi ko zai ci zaɓen kansila, ya ji shiru ya yi hamdala; wanda kuma ya ji ruwa, ya ce a'uzubillahi, ya sake kira. Gonar da ta yi makonni tana iyo ta koma tsagewa kamar ƙafar manomi. Mai albasa ya sake zuwa wurin mai gari, wannan karon yana ƙorafin an hana shi ruwan da ya saba.

Madam ta ba shi maki mafi yawa a ajin. Ta sa aka tafa masa.

Mataki na 8: Kada ka je ka ga gonar

Wannan shi ne matakin da ya fi muhimmanci, kuma shi ne wanda Zakariya'u ya karya. Mai gudanar da ƙirƙira daga nesa yake kallo. Shi kuwa Ramatu ce ta ce masa, "Gwaggo ta aiko da ganye, ka ga abin da ta aiko." Ya duba ƙwaryar: ɗan tsiraru, rawaya, ko kwaɗon mutum ɗaya ba zai yi ba. Ya ɗauki hularsa ya nufi Jiratawa.

Ya same ta da hantsi, zaune a bakin rijiya, ta miƙe ƙafafu. Itatuwan gangare duk sun mutu a tsaye, saiwarsu ta ruɓe tun lokacin ambaliya. Na tudu suna nan da rai, amma ganyensu ya yi laushi. Maɓallin kunna injin yana nan kusa da kafaɗarta, in ta miƙa hannu za ta taɓa.

"Gwaggo, tun yaushe kike zuwa nan?"

"Kullum. Ina zowa in zauna da su. Masu sari sun koma gonar wasu."

"Me ya hana ki cire akwatin ki jefar?"

"Ka ce kar in taɓa."

Ya tsuguna.

"Waɗancan na gangare kawunka ya dasa su shekarar da ya rasu," in ji ta, ba tare da ta dube su ba. "Ba komi. Itace ne. Kai dai ka ci jarrabawarka. Ni ma na kira shi na tambaya, ko za ka ci."

"Me ya ce?"

"Wa ya sani? Na manta ko lokacin ruwa ne e, ko shiru. Sai na kira sau biyu, in samu duka."

Zakariya'u ya yi dariya. Ya san abin da Madam ta ce, ya san sa hannu ɗaya ba ya ba da kwali. Ya tuna rumfar gyaran salula, da Malam Dogo yana auna gero. Sannan ya buɗe akwatin. A nan bakin rijiya, cikin rana, ya koya masa lambar Gwaggo ita kaɗai. Ya ce ta kira. Ruwa ya zubo, ya bi kunya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ba wanda ya tsayar da shi.

Saura masu kira. Bai so su yi ta jin shiru suna ɗauka e ne, wani ya je ya sayar da gonarsa a kan shirun. Sai ya ce Gwaggo ta yi magana ya naɗa, duk baƙon da ya kira ya ji, ya haƙura.

"Mi zan ce?"

"Ki ce nan ba wurin duba ba ne."

Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta gyara murya kamar za ta yi wa gwamna jawabi. "Salamu alaikum. Nan ba wurin duba ba ne, gonar zogale ce. Mai neman Inna Yalwa ya tahi Tibiri. Ku ji tsoron Allah ku bar kira." Sai jinin kasuwa ya motsa. "Amma mai son ganye ya zo Jiratawa ran Alhamis, ya tambayi Tasalla."

Mataki na 9: Ran jarrabawa, ka gayyaci alƙalai kawai

Sutnans, wato ranar da ɗalibi ke kare aikinsa a gaban malamai, ta faɗo ran Alhamis. Zakariya'u bai lura ba sai da motar makaranta ta kasa shiga hanyar gonar.

Amalanke, babura, jakuna, mata da ƙwarya a ka, tsofaffi da sanda. Daga Tibiri, daga Maraɗi, har da wasu da suka ce daga tsallaken iyaka suke. Abin da ya yi wata da watanni yana amsawa da ruwa ya buɗe baki ya yi magana, kuma abin da ya ce shi ne a ci zogale. Wa zai zauna? An tsinke ɗan ganyen da ya rage wa Gwaggo tun da sassafe, maƙwabta suka fito da nasu, mai albasa yana rantsuwa cewa albasarsa ma ruwan ta sha. Inna Yalwa ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin wata bishiyar bedi tana ba da ƙarin bayani.

Madam Samira ta fito daga mota, takalminta ya nutse a laka, ba ta ko kula ba.

"Zakariya'u, me ka yi?"

"Madam, na toshe su. Na saɓa maganarki. Gonar ce ta..."

"Ka toshe su suka biyo ka da ƙafa? Wannan ko a littafi ban gani ba!"

Dokta Maman Lawali bai dubi taron ba. Ya zaga gonar, ya tsuguna ya murza ƙasa, ya tsaya a gaban matattun itatuwan gangare ya daɗe. Sannan ya dawo bakin rijiya.

"Ƙasa ta yi daidai. Yanzu in gani. Hajiya, kira shi."

Gwaggo ta danna. Layi a cike. Ta sake dannawa. A cike. Zakariya'u ya waiga, sai ya ga dalili: rabin taron sun kara waya a kunne, suna tsaye a gaban injin suna kiran sa, kowa na so ya ji muryar a kusa. Dokta ya fara mayar da alƙalaminsa aljihu.

Ba a koyar da abin da ya biyo baya da safe, ba a koyar da shi da yamma. Zakariya'u ya haye bakin kwalbatin rijiya, kwat a sama, wandon aiki a ƙasa, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, don Allah! Ni na ƙera abin nan. Ba aljani a ciki, ba malami, waya ce da ƙarfe. Muryar da kuke ji ta gwaggona ce, ga ta nan zaune, gwiwarta ke ciwo. Na kashe mata rabin gona da karatuna. Ku ajiye waya ta kira injinta sau ɗaya, in samu in fita kunyarta."

Wani tsoho ya fara sauke wayarsa, sauran suka bi. Gwaggo ta danna lambar a hankali, tana maimaita ta da baki. Akwatin ya yi ƙyas, bututu ya yi tari, ruwa ya ɓalle.

"E!" in ji rabin taron.

"A'a!" in ji ɗaya rabin, waɗanda suka tsaya a kan sanarwar Tibiri.

"Kashe shi," in ji Dokta.

Ta sake dannawa. Ruwan ya tsaya cak. Taron ya sake rabuwa, kowane ɓangare ya karɓi amsar ɗayan, aka tashi kowa ya samu. Dokta ya shimfiɗa takardar a kan bonet ɗin mota ya sa hannu, ya ce a memuwar a rubuta itatuwan da suka mutu a babi na farko, ba a ƙarshe ba. Madam ta sa nata hannun a ƙasa, ta ce a babi na biyu a kira su kuɗin shiga kasuwa. Gwaggo ta ce su kira su duk abin da suka ga dama, amma Zakari ya zo ran Asabar da fartanya, akwai dashe.

Mataki na 10: Ka shirya wa nasara

Ya je ran Asabar, da Asabar ɗin da ta biyo. Kwalin yana rataye a ɗakin Ramatu. Ƙungiyar manoman fadama ta ɗauke shi ya sa wa injunansu irin akwatin, kuma yanzu yana da shago mai ƙofa, da allo mai sunansa.

Sai dai manoman sun ƙi sabuwar lamba. Kowa tsohuwa yake so, wadda ta taɓa zama ta wani mai jama'a. Zakariya'u ya yi bayani har muryarsa ta dushe cewa akwatin yanzu mai shi kaɗai yake ji. Suka ce sun gane, a dai samo musu mai tarihi. Wani mai tumatir ya dace da lambar wani tsohon makaɗin biki, yanzu duk mako sai an gayyaci injinsa ɗaurin aure. Wani mai barkono ya samu ta wata ungozoma, kuma an ce ya riga ya halarci suna biyu, an ba shi ƙafar rago.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba injiniya ba ne, ba manaja ba ne, kuma ba shi da gwaggo a Jiratawa. In ka bi matakan nan gonarku ta zama tafki, ko ta zama hamada, ko ka wayi gari jama'a sun yi layi a ƙofar gidanku suna jiran firjinka ya yi magana, kai da malamanka biyu ne, ku raba laifin uku. Ba na karɓar ƙorafi a gida, ba na karɓa a hanya. Mai ƙorafi ya kira ni a waya. In ya ji shiru, kada ya sake kira.